Tabarau, teleskof ko kyamara: wanne ya kamata mai sha'awar taurari a Maraɗi ya fara saye?

Duk wanda sha'awar kallon taurari ta kama, tambayar farko da ke fitowa daga bakinsa ita ce: wane teleskof ne ya fi ƙarfi, kuma nawa yake? Akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan: so kake ka gani da idonka, ko so kake ka fitar da hoto? Mutane na ɗauka abu ɗaya ne, alhali kasuwa biyu ce. Kuɗin mai son gani suna tafiya ne ga faɗin gilashi ko madubi. Kuɗin mai son hoto suna tafiya ne ga mazaunin da zai riƙe kyamara ya riƙa bin sama da ita. Wanda ya ce da kuɗinsa na farko zai haɗa biyun, yawanci yakan tashi ba tsuntsu ba tarko.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Hasken taurari yayyafi ne. Mai son tara yayyafi ko dai ya kafa baho mai faɗin baki, ko ya bar ƙaramin kwano a tsakar gida ya daɗe. Idon mutum ba ya iya jira, abin da ya shigo a ƙiftawar nan shi ne rabonsa, don haka dole a nema masa baho. Kyamara kuwa tana iya buɗe ido daƙiƙa 20 ko minti biyar tana tarawa, ƙaramin gilashi ma ya ishe ta, muddin tauraron bai gusa ba. Gusawa kuma sai ya yi, tunda duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa. Ninki, wato yawan girman da ake ƙara wa abu, wanda ƴan kasuwa ke rubutawa da manyan lambobi a jikin kwali, shi ne na ƙarshe a lissafi.

Kafin maganar kaya, a dubi saman da za a kalla. Maraɗi na kan digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wannan sa'a ce babba. Tauraron arewa, wanda ba ya barin wurinsa, yana can ƙasa-ƙasa. In ka miƙa hannu, tsayinsa daga ƙasa bai wuce dunƙule ɗaya da ɗan ƙari ba. A kudu kuwa an buɗe mana ƙofa. Suhailu, wanda a haske Shi'ira kaɗai ta fi shi cikin taurarin dare (ita ce aka ambata a Suratun Najmi), yana fitowa sarai a daren Janairu da Fabrairu. A Afrilu da Mayu ana ganin Gicciyen Kudu, da dunƙulen Omega Centauri mai ɗauke da miliyoyin taurari. Mutumin birnin Faris na Faransa, duk tsadar kayansa, ba ya ganin Suhailu ko Gicciyen ko dunƙulen daga garinsa. Wata da duniyoyi irin su Mushtari da Zuhal kuma ta saman kanmu suke bi. Ko a shekarar da suka fi yin ƙasa, in sun kai tsakiyar tafiyarsu ta dare sukan haura digiri 45.

Abin da ke cin mu shi ne ƙura. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, sai ka ga babu gajimare ko ɗaya amma taurarin ana iya ƙirga su. Bazara ta zo da zafi, ƙurar kuma ba ta gama tafiya ba. Damina ta kawo gajimare, sai dai daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi shi ne mafi tsabta a duk shekara. Kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ita ce ta fi daɗin sha'ani. Sai dai ƙura ba ta yi wa komai ɓarna daidai ba. Tana shafe abubuwa masu dishi-dishi, amma wata da Mushtari da Zuhal huda ta suke yi. A riƙe wannan, zai dawo a gardamar tabarau da teleskof.

Kalandar aikin kuwa kowa na da ita a ka, wato kwanan watan Musulunci. Daga 20 ga wata zuwa 3 ga mai kamawa farkon dare na da duhu, lokacin neman abubuwa masu dishi-dishi ke nan. Daga 5 zuwa 10 ne ramuka da duwatsun wata ke fitowa ɓaro-ɓaro a kan iyakar haske da inuwa. Daren 14, da ake yaba farin wata, shi ne mafi ƙarancin amfani: watan ya zama fari fat babu inuwa, ya kuma kashe sauran taurari.

To, mu fara da tabarau mai hangen nesa, mai ido biyu, irin na mafarauta. A jikinsa akwai lamba biyu, misali 10x50. Ta farko ninki ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Ƙwayar idon saurayi a duhu takan buɗe wajen milimita 7, saboda haka gilashi mai milimita 50 na tara hasken da ya ninka na ido kusan sau 50. Tsakanin 7x50 da 10x50 ni 10x50 nake zaɓa. In ka raba 50 da 7, hasken na fitowa da faɗin milimita 7, wanda idon mutumin da ya manyanta ba ya buɗewa ya karɓe duka, kuma a cikin gari yana sa sama ta yi fari-fari. Na 10x50 na fitar da milimita 5, ya dace da kusan kowa. Abin da ya haura ninki 12 hannu ba ya riƙe shi, tauraro sai rawa.

Me za a gani? Kaza da ƴaƴanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai su koma gommai, kuma duka a fili guda, abin da yawancin teleskof ba sa iyawa saboda ƙuncin filinsu. Ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere na burujin Oriyon akwai hazo mai haske, gajimaren iskar gas ne da ake haihuwar sababbin taurari a cikinsa, haskensa ya yi tafiyar shekara fiye da 1,300 kafin ya iso. Galaksin Andromeda, wato wani katafaren tarin taurari mai nisa, wanda Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ɗan gajimare tun a shekara ta 964, yana fitowa da daren kaka, nisansa tafiyar haske ce ta shekara miliyan biyu da rabi. In ka jingina gwiwar hannu a katanga za ka kama ƴan ɗigo a gefen Mushtari, watanninsa huɗu ne da Galileo ya gani a Janairun 1610, kuma gobe in ka duba sun sauya wuri. Ga kuma amfanin da ba ya buƙatar bayani a garin Musulmi: neman jinjirin wata, amma sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

Abin da ba ya iyawa shi ma a faɗe shi. Zoben Zuhal ba zai fito ba. Ba a ɗaukar hoton kirki da shi. In abin na tsakar ka wuya kan gaji, sai dai a shimfiɗa tabarma a kwanta rigingine. Babban rauninsa a nan kuwa shi ne, kusan duk abin da ya ƙware a kai mai dishi-dishi ne, wato wanda ƙura da fitilun gari suka fi ci. A tsakiyar hunturu, daga unguwannin Ali Ɗan Sofo ko Zariya a cikin Maraɗi, akwai dararen da ba zai ba ka komai ba sai wata da Kaza.

In ka ci karo da shi wajen masu kayan gwanjo, zuwa da kai ya fi saƙo. Fito da shi ƙofar shago ka saita kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisa. Rufe ido ka buɗe farat ɗaya: in hasumiyar ta zama biyu kafin ta haɗe, ya sha faɗuwa, ajiye shi ko da kyauta ne, ciwon kai kawai zai sa maka. Haska fitilar waya ta gilashin gaba ka duba ko akwai fumfuna ko tsaga. Sannan ka riƙe shi nesa da fuska ka kalli ɗigon haske biyu da ke kan gilasan leƙe, su kasance zagaye sumul, ba masu kusurwa ba. Mai jan gilashi kamar tabaran gayu, da mai ninkin da ake murzawa ya ƙaru, da ƙaramin da aka rubuta wa lambobin ƙarya irin 60x90 alhali a tafin hannu yake zama, duk a bar wa mai shago abinsa.

Haka nan siririn teleskof ɗin nan mai ƙafafu uku kamar sillen kara, wanda kwalinsa ke alkawarin ninki 525. Faɗin bakinsa yawanci milimita 60 ne, kuma ƙa'ida ita ce ninkin da ke da amfani ba ya wuce faɗin baki sau biyu, wato 120 a nan. Ƙafafun kuma iska kaɗan ke kaɗa su. Shi ya fi kashe wa mutane sha'awa.

Teleskof ɗin da ya cancanci kuɗin mai farawa shi ne wanda ake kira Dobson. Bututu ne mai madubi a gindinsa, tsarin da Isaac Newton ya ƙera a 1668, an ɗora shi kan akwatin katako mai juyawa hagu da dama, sama da ƙasa. Wani Ba'amurke, John Dobson, shi ya yaɗa wannan mazauni a San Faransisko tun shekarun 1960, don talaka ya samu babban madubi da kuɗi kaɗan. Ba batir, ba waya, ba abin da ɗauke wuta zai tsayar. Mai madubi milimita 150 na tara hasken da ya ninka na tabarau 10x50 sau tara. Tsawon fokas ɗinsa galibi milimita 1,200 ne. A raba da lambar gilashin leƙe a samu ninki, mai 25 ya ba da 48, mai 10 ya ba da 120. Da wannan ana ganin zoben Zuhal, da ratsi biyu a jikin Mushtari, da Zara in ta koma siffar jinjirin wata, da ramukan wata har da tsaunin da ke tsakiyar wasunsu. Zoben Zuhal ya juya mana gefensa a Maris na 2025, ya koma kamar zare, kuma tun daga nan yake ƙara buɗewa har zuwa wajen 2032, saboda haka wanda ya saya yanzu kowace shekara abin ƙara kyau zai yi masa.

Wani dare bayan isha'i an kafa irin wannan a gefen fadarmu, shayi na kan wuta, sai ga wani dattijon unguwa ya fito daga masallaci ya tsaya yana kallonmu.

“Baba, bismillah, matso ka leƙa.”

Ya gyara hula ya sunkuya, hannun rigarsa ya ture bututun, Zuhal ya ɓace. Aka sake nemo shi, aka ce ya sa hannuwa a baya. Ya yi shiru ya daɗe.

“Ikon Allah. Kai ɗan nan, ai gudu yake yi. Ga shi ya kai baki.”

“Mu ke gudu, Baba. Ƙasa ce ke juyawa da mu.”

“To dawo mini da shi.”

Abin da dattijon ya lura da shi shi ne iyakar Dobson. A ninki 120 abu kan ratsa fili ya fita cikin ƙasa da minti biyu, sai ka riƙa ɗan tura bututun da hannu. Ido ba ya damuwa da wannan, hannu kan saba cikin ƴan kwanaki. Kyamara ce ba ta yarda, shi ya sa Dobson ba kayan hoton galaksi ba ne. Amma a nan ne maganar ƙura ke dawowa: tunda ƙwarewarsa a wata da duniyoyi take, kuma ta sama suke bi inda ƙurar ta fi sauƙi, Dobson na aiki a tsakar gida a tsakiyar gari kusan duk shekara, har a watannin da tabarau ke rataye. In kuma ka fita da shi duhu a daren Mayu ka saita kan Omega Centauri, ɗan tabon da tabarau ya nuna zai fara tarwatsewa ya zama ƙwayoyin taurari.

Wahalarsa nauyi da kulawa. Mai 150 ya kai wajen kilo 15 da mazauninsa, mai 200 ya haura kilo 20, bututun kuma ya fi mita ɗaya, ba kayan goyo a bayan moto ba ne. Madubin na buƙatar saiti lokaci-lokaci da ƴan kusoshi uku, musamman bayan ya sha hanya. Aikin minti biyar ne in an koya. Bakinsa a buɗe yake, ƙura na sauka kan madubi, kuma babban kuskure shi ne a sa tsumma a goge, don yashi na karce fatar alminiyon da ke kansa. Ƴar ƙura ba ta rage gani yadda ake zato. A rufe baki da gindi, a lulluɓe da zane, a ajiye a ɗaki, shi ke nan. Akwai ƙaramin ɗan'uwansa mai madubi 130 da fokas 650, kamar Heritage 130P na Sky-Watcher, mai naɗewa, wajen kilo 6. Shi kam yana hawa moto. Teburi yake so, amma turmi in an kife shi ya fi kowane teburin roba tsayuwa. Rabin jikinsa a buɗe yake, sai an ɗinka masa riga da baƙin yadi saboda ƙura da hasken maƙwabta.

Gargaɗi ɗaya ga mai shirin saye: launukan nan na hotunan manyan teleskof ɗin sararin samaniya, Hubble da James Webb, ba za ka gan su a gilashin leƙe ba. Ido a duhu ba ya rarrabe launi sosai, hazon Oriyon toka-toka zai fito, ko da ɗan kore-kore. Wanda launin ne ya jawo shi, kasuwarsa ta biyu ce.

A wannan kasuwar ma ba da saye ake farawa ba. Wayar da ke aljihunka, in tana da sashen da ake saita komai da hannu, jingina ta a bulo ta kalli sama, sa ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, a 1600, lokaci daƙiƙa 15, ka kunna mai ƙirga daƙiƙa don kada taɓawa ta girgiza ta. Oriyon zai fito. In ka ɗora idonta kan gilashin leƙen Dobson kuma, za ka samu hoton wata da za a yi ta tambayarka a WhatsApp ko da gaske kai ka ɗauka. Nan ne iyakarta.

Mataki na gaske shi ne kyamara mai sauya gilashi, da ƙafa uku mai nauyi. Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar Canon ko Nikon da mai hoton biki ya gaji da ita, da gilashinta na 18-55, ta isa. Lissafin da aka saba yi shi ne a raba 500 da tsawon gilashi bayan an ninka shi da ɗaya da rabi a ƙananan kyamarori: 18 ya zama 27, 500 a raba da 27 ya ba da wajen daƙiƙa 18. In an wuce haka taurari sai su zama ƴan layuka. A buɗe gilashin iyakarsa, ISO 1600 ko 3200, a kashe fokas mai sarrafa kansa a saita da hannu kan tauraro mai haske, a ajiye hoton a tsarin RAW, wato ɗanyensa yadda kyamara ta ɗauka. Abin farauta na farko shi ne farin zanen nan da ke ratsa sama, galaksin da muke ciki. Tsakiyarsa, inda ya fi kauri, tana kusa da wutsiyar burujin Kunama, kuma a Maraɗi takan kai digiri 47 sama. Tana fitowa kafin asuba a Maris da Afrilu, da farkon dare daga Yuli zuwa Satumba, a Oktoba kuma ta karkata yamma bayan magariba.

Hoto ɗaya kan fito da ƙuraje. Maganinsa a ɗauki 30 ko 50 a jere, a rufe gilashi da murfi a ƙara wasu baƙaƙe da saiti iri ɗaya, sannan a haɗa su a kwamfuta da Sequator ko DeepSkyStacker ko Siril, dukansu kyauta. Wato kwamfuta na cikin kuɗin da za a lissafa, kuma rabin aikin a gabanta ake yi, ba a ƙarƙashin sama ba. Wanda ba ya jure zaman kwamfuta ya san wannan tun yanzu. Zafi ma abokin gaba ne: ƙurajen da sensa, wato fallen da ke karɓar haske a cikin kyamara, ke haifarwa da kanta kan ninka duk ƙarin digiri shida ko makamancin haka, don haka daren Afrilu ya fi na Disamba ɓata hoto sau da yawa. Abin haushin shi ne dare mai sanyi shi ne mai ƙura, dare mai tsabta kuma na damina ne, mai raɓa a gilashi da sauro a ƙafa. Kada a sauya gilashi a waje lokacin hunturu. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan sensa za ta bi ka a kowane hoto. Wata kuma ba aikin wannan gilashin ba ne: a milimita 18 ɗigo zai zama, ko a 300 bai kai milimita 3 ba a kan sensa mai faɗin 23.

Wanda ya daɗe a nan zai so ƙaramin inji mai bin taurari, irin Star Adventurer, da ke ba da damar buɗe ido minti ɗaya ko biyu da gilashi mai 135 ko 200. Sharaɗinsa a saita shi da tauraron arewa, wanda a wurinmu ke ƙasa, inda ƙura ta fi kauri kuma katanga da dogon yaro ke tarewa. Ba sayayyar farko ba ce.

Sai sabon shiga, wanda ya rikita lissafin nan duka: teleskof mai sarrafa kansa, kamar Seestar S50 na kamfanin ZWO na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2023 a kan dalar Amurka 499. Kilo biyu da rabi ne, gilashi milimita 50, fokas 250, da kyamara da injin bin sama da batir duk a cikinsa. Ka kafa shi, ka haɗa da waya, ka taɓa sunan abin da kake so, shi zai nemo, ya riƙa ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 yana haɗawa, hoton na ƙara fitowa a allo kana kallo. Yana da matatar rage hasken gari, saboda haka hazon Oriyon da launinsa na samuwa daga tsakar gida a daren farko. A gaskiya babu wata hanyar da ke ba mai farawa irin wannan hoton da irin wannan kuɗin.

Duk da haka ina ɗari-ɗari da shi a matsayin kayan farko. Ba shi da wurin sa ido, allon waya kake kallo. Zuhal ɗan ɗigo ne a cikinsa, abin da ya tsayar da dattijon nan ba zai samu ba. Mutum na iya shekara da shi bai san ina Kunama take a sama ba. Kuma ranar da injinsa ya ci ƙura ko batirinsa ya gaji da zafi, mai gyaran waya ba shi da kayansa, alhali Dobson in gindinsa ya karye kafinta ne zai gyara.

Ga inda na tsaya. Wanda bai taɓa rarrabe buruji ɗaya ba, ya sauke Stellarium, manhajar taswirar sama, a waya, kyauta ne, ya sayi 10x50 mai kyau, ya yi kaka ɗaya da su. In sha'awar ta mutu bai yi asarar kirki ba, in ta rayu tabarau zai ci gaba da amfani ko bayan an sayi manyan kaya. Wanda gidansa na tsakiyar gari, ba ya iya fita da dare, kuma yana da yara ko ɗalibai da zai nuna wa, ya tsallake tabarau ya tara kuɗin Dobson 150. Shi ne kaɗai a jerin nan da hunturu ba ya sa shi hutu. Mai moto da ke da gida a ƙauye ya ɗauki ƙaramin 130. Wanda ya riga ya mallaki kyamara da kwamfuta kada ya sayi teleskof ko kaɗan, ƙafa uku mai ƙarfi da batir na biyu kawai yake buƙata. Seestar na wanda ya tabbatar hoto yake so ba gani ba, kuma asarar kuɗin ba za ta girgiza shi ba in ya lalace.

Duhu kuwa ba ya da nisa da mu, ƴan kilomita bayan Tibiri ko kan hanyar Dakwaro sama ta sauya. Amma zamanin ba na yawon dare ba ne, musamman ta kudu wajen Madarumfa da bakin iyaka. Ka je garin da aka san ka, ka gaida mai gari da rana ka nuna masa kayan, ka kafa a bayan gida ba a daji ba. Mutum da bututu ko tabarau cikin dare kusa da bariki ko filin jirgi ko shingen jami'an tsaro neman magana yake yi, fitilar leza kuma a bar ta a gida. A sa takalmi rufaffe saboda kunama ta ƙasa. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya na rushe wannan, don haka a mayar da allon Stellarium ja.

Rana kuma ba a kallonta da tabarau ko teleskof, ko na ƙiftawa ɗaya, makanta ce nan take. Manya na tuna safiyar Laraba 29 ga Maris 2006, da inuwar husufi ta ratsa Gusau da Katsina ta shigo yankin nan. Ranar 2 ga Agusta 2027 akwai wani, cikakke a Luksor da Makka, mu kuma sashe za mu gani. Wanda zai yi oda ya haɗa da matatar rana ta gaske wadda ake rufe bakin gaba da ita, da tabaran kwali masu lambar ISO 12312-2. Ƙaramar baƙar matata da ake murɗawa a gilashin leƙe, wadda ke zuwa cikin kwalin teleskof mai araha, zafi na fasa ta, a jefar.

Odar ita ce sauran aiki. In farashin na Yuro ne lissafin ba wuya, Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato Yuro 100 ya kusa jika 66. A kan haka sai a ɗora kuɗin dako da na duwan, kuma a nan ne girman kaya ke magana: tabarau da Seestar na shiga jakar ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya, Dobson kuwa kwali biyu ne, ɗaya dogo, kuma dakonsa na iya cin wani babban kaso na kuɗinsa. A tambayi mai sayarwa ko akwai gilasan leƙe biyu da ɗan madubin nema da murfin saitin madubi a ciki, don ba abubuwan da za a samu a babbar kasuwa ba ne. In ya iso tasha, a buɗe dogon kwalin a gaban direba, a haska fitila cikin bututun a ga madubai biyun lafiya suke kafin a sallame shi.